Malam, kada ka biya mai shata kuɗinsa duka tun a tasha

Malam, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin kamar ni na rubuta ta. Ka ce kana so ka kwashi iyali a hutun nan ku ga Kusugu a Daura, ku ƙetara Damagaram ku ga fada da Birni, in da hali ku ƙarasa tafkin Gidimuni, duk a kwana biyu, ko zai yiwu? Irin lissafin da na yi ke nan da sanyin 2022, ni da uwargida da yara uku, kuma har gobe in aka tuna tafiyar nan a gidana sai an harare ni.

Kwana biyu dai ba zai yi ba. Ka sa huɗu, in ya ragu ribarka ce.

Daura ba ta da wahala, ku yi sammako kawai. Rijiyar tana cikin gini, mai kula da ita zai jefa guga ya ba ku ruwan ku sha, kai kuma ka ba shi na goro. Ɗana na biyu leƙawa ya dinga yi yana cewa "Baba, ina macijin?" har sai da na riƙe masa wuyan riga. In ta Katsina za ku biyo, ku ratse Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani, inda kaburburan sarakunan Katsina na farko suke, amma ka samu ɗan gari ya raka ku, don in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka tudun ƙasa ne kawai. Kuma kada ka bi ta Mai'aduwa ranar Lahadi da yara a mota, ranar kasuwa ce, shanu da raƙuma da manyan motoci za su cinye maka rabin yini kafin ka ga Kwangwalam, bakin iyaka.

Daga Ɗan Barto ka shiga Nijar, nan lissafin kuɗi yake canzawa, kuma ba wanda ya gaya mini. Su da dala suke ƙirga, dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. A Matamaye wata mai rake ta ce mini "ashirin", na miƙa mata ƙwandalar 25 na tsaya ina jiran canji. Dariya ta yi har da riƙe ciki, ashe 100 take nufi. In an ce maka ɗari, 500 ce. Jika kuma 1,000. Ka koya wa madam wannan tun a gida, don ita za ta shiga kasuwa.

Damagaram kam ta biya ni kuɗin motata. Kafin ku shiga za ku wuce Tirmini, inda Sarki Amadu Kuran Daga ya gwabza da Faransawa a 1899, shekara ɗaya bayan an kashe kyaftin ɗinsu Kazamaju a garin. Ba wani abin kallo a bakin hanyar, amma ka sa direba ya rage gudu ka faɗa wa yara. A cikin Birni ku sauka ku taka da ƙafa. Lunguna ne matsattsu, gidajen ƙasa masu zane a fuska, ga manyan duwatsu tsakiyar unguwa an yi gini an jingina da su kamar 'yan gida. Ka tambayi dogarai su nuna muku abin da aka yarda baƙo ya gani a fada, su ba ku labarin Sarki Tanimun da ganuwarsa da igwoginsa. Mutane da yawa a nan ba su san garin nan ne babban birnin Nijar ba kafin a koma Yamai a 1926.

To, ga inda aka cuce ni. Washegari na je tasha na ɗauki shatar mota zuwa Gidimuni, kai da kawowa. Wani surukina ne ya cika ni da labarin wurin, ruwa kwance tsakiyar rairayi, dabino da lambuna kewaye da shi. Muka yi ciniki da direban jika talatin. Mutum ne mai fara'a, da carbi a hannu, yana ta ce mini Alhaji alhali ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba. Ya ce in ba shi duka ya sha mai. Uwargida ta taɓa ni ta ce in ba shi rabi, na ce haba, mutum kamar wannan? Na zaro na ba shi cif.

Tun a Mirya na fara ganin alama. Motar da na yi shata, sai ga shi ya tsaya yana loda buhuna a but, har da wani fasinja da ya cusa a gaba, wai ƙaninsa ne. Na yi shiru. Mun wuce Mirya da 'yar tafiya sai motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya buɗe gaba, ya leƙa, ya ce minti talatin zai je ya zo da bakanike. Ya tare kabu-kabu, shi da ƙanin nasa suka hau. Lokacin ko azahar ba a yi ba.

Malam, sai bayan isha'i na sake ganin mutumin nan. Layina na Najeriya ya mutu murus, lambarsa ma ban karɓa ba, wautar da har yau nake jin kunyarta. Ruwan gora biyu muka taho da shi, kafin la'asar ya ƙare. Da rana ta faɗi sai iskar hunturu ta taso, irin mai shiga ƙashi, ga yara da riguna marasa nauyi don na ce musu yawon shan iska za mu. Autarmu, shekararta shida lokacin, ta fara rawar sanyi tana amai. Uwarta ta cire mayafinta ta naɗe ta, ta zauna a bakin kwalta, ba ta ce mini uffan ba. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni kuma ina tsaye ina ɗaga wa motoci hannu, kowace ta zo a cike maƙil. Wata tsohuwa ce daga wasu bukkoki can nesa ta hango mu, ta aiko jikanta da ƙwaryar fura da tabarma da bargo, daga baya ta zo da kanta ta hura mana wuta da kara. Na ba ta kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce baƙo ai na kowa ne. Allah ya saka mata da aljanna.

Shi kuwa gogan da ya dawo, ko sannu. Wai "Alhaji, ai Allah ne ya kawo." Sannan ya ce in ƙara jika biyar kuɗin gyara, in ba haka ba motar ba za ta koma Damagaram ba. Da yarinya tana amai a hannu, ƙarfe tara na dare, a ƙasar da ba tawa ba, me zan ce? Na biya. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, shi wannan har yanzu ina kan ƙoƙari.

Don haka rabi za ka bayar, sauran sai an dawo da ku. Ka ɗauki mota ta hannun shugabannin tasha, a gabansu, ka rubuta lambar motar. Ka sayi layin Nijar tun a Matamaye. Jarkar ruwa, rigunan sanyi, maganin zazzaɓi na yara. Takardu kuma kowa da nasa, har katin rigakafin shawara, kuma ka tuna ni na je ne kafin a rufe iyaka a 2023 a buɗe a 2024, kafin Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka direbobin Daura da suka ƙetara a satin da za ka tafi su za ka tambaya me ake nema da yadda hanya take. Kada ka ɗauki hoton shingen jami'ai ko barikin soja, ko da wasa. Alkakin Damagaram kuma ka sayo da yawa, namu a mota ya ƙare.

In Allah ya kai ku Gidimuni, don Allah ka ɗauko hoton tafkin ka saka mana a nan. Ni jika talatin da biyar na biya, har yau ban gan shi ba.