Tambaya da Amsa: Wace ce Mercedes, kuma wane ne Benz?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu a kan motar Marsandi. Wani abokinmu ya dage cewa Mercedes sunan matar Benz ne, wani kuma ya ce 'yarsa ce. Ina roƙon a raba mana wannan gardama, sannan a ba mu tarihin kamfanin a taƙaice. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, duk su biyun ba su dace ba, domin Mercedes ba ta haɗa dangantakar komai da gidan Benz ba. Sunan da muke gani a yau ya samu ne daga haɗewar kamfanoni biyu da suka shafe fiye da shekara 30 suna gogayya da juna.

Na farko shi ne na Karl Benz a garin Mannheim na ƙasar Jamus, wanda a ranar 29 ga Janairun 1886 ya nemi takardar mallakar ƙirƙira ta wata mota mai ƙafa uku da ke aiki da injin mai. Matarsa kuwa sunanta Bertha, kuma a ganina ta cancanci a riƙa ambatonta fiye da yadda ake yi. Da ta ga jama'a sun ƙi yarda da motar, sai a watan Agustan 1888 ta ɗauki 'ya'yanta biyu ba tare da sanin mijin ba, ta tuƙa ta zuwa Pforzheim, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, a zamanin da babu gidan mai ko ɗaya. A kantin magani na garin Wiesloch ta sayi man da ta zuba, da bututun mai ya toshe ta sa tsinken hularta ta buɗe shi, da birki ya cinye kuma ta sa mai gyaran takalmi ya lulluɓe shi da fata. Bayan wannan tafiya ce mutane suka fara ɗaukar motar da muhimmanci.

Na biyun shi ne na Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach a Cannstatt, kusa da Stuttgart, wanda aka kafa a 1890. A nan ne sunan Mercedes ya shigo. Wani attajiri mai suna Emil Jellinek, wanda ke zaune a birnin Nice na Faransa yana dillancin motocin Daimler kuma yana shiga tsere da su, ya yi odar motoci 36 a shekarar 1900, bisa sharaɗin a ƙera su yadda yake so, a kuma sa musu sunan 'yarsa Mercédès, wadda aka haifa a 1889. Motar ta yi fintinkau a tseren Nice na 1901, kamfanin ya ga sunan ya karɓu, sai ya yi masa rajista a 1902. Shi kansa Daimler bai ga wannan ba, domin ya rasu a watan Maris na 1900. Tauraron nan mai tsini uku ma na ɓangaren Daimler ne, an yi masa rajista a 1909, yana nuni da injunan da ke aiki a ƙasa da ruwa da sama.

Abin da ya haɗa su dole ce. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuɗin Jamus ya lalace, masu sayen motar alfarma suka yi ƙaranci, don haka suka ƙulla yarjejeniya a 1924, sannan suka haɗe a 1926 da sunan Daimler-Benz, motocinsu kuma suka zama Mercedes-Benz.

Tarihin yana da tabo wanda bai kamata a tsallake ba. A mulkin Hitler kamfanin ya ƙera injunan jiragen yaƙi, ya kuma ci gumin dubun-dubatar fursunoni da mutanen da aka kamo aka tilasta musu aiki. Bayan yaƙin ne ya sake gina sunansa a kan ƙarko da kare ran fasinja. A 1959 ya fito da motar da gabanta da bayanta ke lanƙwashewa su shanye ƙarfin karo, a 1978 kuma da birkin ABS, mai hana tayoyi ƙamewa idan aka taka birki da ƙarfi, wanda ya haɗa gwiwa da kamfanin Bosch wajen samarwa.

Haɗewarsa da kamfanin motoci na Chrysler na Amurka a 1998 ba ta yi albarka ba, aka raba gari a 2007. Mu a Najeriya mun fi sanin sa ta manyan motocin 911 da kuma masana'antar ANAMMCO ta Enugu da ta riƙa harhaɗa motocinsa na ɗaukar kaya. Sai dai tun ƙarshen 2021 wannan ɓangare ya zama kamfani mai cin gashin kansa, Daimler Truck, mai ƙera ƙananan motocin kuma ya koma Mercedes-Benz Group daga Fabrairun 2022.