Kishiya, tausa ce kike tambaya a kai

Kishiya, saƙonki ya iso, na yi dariya har ƙaninki ya leƙo ya ga ko lafiya. Wai kin gani a waya 'yan Sin suna danna tsakanin babban yatsa da manuniya ciwon kai ya lafa, kina tambaya ko mu ma muna da irin wannan a al'ada, kuma ko za ki iya yi wa mamarki. Ikon Allah! Yarinyar da aka raina da man shanu da tafin hannu, yau sai mutumin Sin ya nuna mata tausa a waya.

Abin nasu dai gaskiya ne suna yi, kuma ba jiya suka fara ba. Littafinsu na magani, Huangdi Neijing, ya haura shekara 2,000. A fahimtarsu akwai wani ƙarfi da suke kira ci, yana bin hanyoyi 12 a jiki, in ya toshe ciwo ya zo, sai a buɗe da allura ko da yatsa. Wuraren da ake dannawa har an ƙidaya su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da guda 361 a 2008. Wanda kika gani sunansa Hegu. Akwai wani a cikin hannu, faɗin yatsu uku daga wuyan hannu, ana danna shi don tashin zuciya, kuma shi likitoci sun gwada ga waɗanda aka yi wa tiyata sun ga yana rage amai. Su hanyoyin 12 kuwa, lokacin da aka koya mana sassan jiki a makarantar ungozoma babu malamin da ya nuna mana su, jijiya da tsoka da ƙashi muka gani.

Mu ba mu ƙidaya komai ba. Ina ƙarama, da kaka, baban mu ya sunkuya zai ɗauki damin gero sai bayansa ya ƙage. A jaki aka dawo da shi, a karkace, yana ta salati. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a zaure kowa zai nutsu, to ranar sai ga shi rub da ciki a tabarma. Aka aika aka kira Iya, yayar kakarmu, tsohuwa 'yar firit. Ba ta yi gaggawa ba. Ta sa aka ɗora ruwa, ta narka man kaɗanya a kasko, ta zauna tana tambayarsa yadda geron ya yi bana, kamar hira ta zo. Ta gasa bayan da tsumma, sannan ta fara bi da babban yatsa gefen ƙashin baya, a hankali, tana cewa nan ne? Nan ne? Da ta iso wurin, baba ya saki wata ƙara da ba mu taɓa jin irinta a bakinsa ba. Mu yara muna bayan zana muna toshe baki. Iya ko a jikinta, ta tsaya nan ta danne, tana cewa ga ƙullin, ka yi numfashi, Malam. Da ta gama ta kira ni, da yake ni ce marar nauyi, ta ce in dafa bango in tattaka masa. Na hau bayan ubana ina rawar jiki. Ban kai ga sauka ba ya fara minshari.

Iya takan ce jiki magayi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ba ta danna wuri sai ta tambaya. Wuri mai kumburi ko zafi ba ta taɓawa. Karaya da targaɗe ta maɗori ce, ƙaho na wanzami ne, kowa da iyakarsa.

Ku yanzu uwa ta ce kaina, sai a miƙo mata Panadol daga bakin ƙofa, ido na kan waya. Wa ya rage da zai zauna ya matsa wa tsohuwa ƙafa bayan isha'i? Har tabarma mai ƙaya na ji ana sayarwa, wai mutum ya kwanta ta yi masa aikin.

Abin da ya hana ni ci gaba da dariya shi ne mamarki. Ciwon kan nata ya daɗe, kuma hawan jini yana gidanmu, shi ya kwantar da Iya a ƙarshe. Ki kai ta a auna jininta makon nan kafin ki danna ko'ina. Ke kuma da juna biyun nan, kar ki gwada wurin yatsan a jikinki, su kansu masu abin suna hana mai ciki, har da wani wuri da ke sama da idon sawu ta ciki.

In kin zo da sallah ki taho da man kaɗanya mai kyau, ba na roba ba. Gwiwata ta hagu tana nan tana jira, sai mu ga abin da wayar ta koya miki.