Amsa ga Uwar da Ta Ce Ɗanta Ya Canza

Hajiya, kin tambaya ko alamar lalacewa ce yadda ɗanki mai shekara 16 yake cewa yau likita zai zama, gobe kasuwa zai shiga, ga shi kuma ya daina zama hira a tsakar gida. Na daɗe ina koyarwa a sakandare, kuma wurina ake turo ɗaliban da suka gagari malaman aji, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani.

Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson, wanda aka haifa a Jamus a 1902, ya kasa rayuwa matakai takwas a littafin da ya fitar a 1950, kowane mataki da tambayar da take damun mai shi. Jariri yana koyon yarda da mai renonsa, ɗan firamare yana son a ga ya iya wani abu, shi kuwa ɗan shekara 12 zuwa 18 abin da yake nema ya sani shi ne wane ne shi, kuma ina ya dosa. Erikson kansa agola ya tashi ba tare da ya sani ba, kuma sai da ya girma ya zaɓi sunan da duniya ta san shi da shi.

A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam, James Marcia, ya bambanta matashin da ya yi laluben hanya kafin ya tsaya a kan ra'ayi da wanda ya karɓi abin da aka yanke masa bai taɓa tambaya ba. Na biyun ne iyaye suke yabo, amma ni shi ya fi tayar mini da hankali. Na koyar da wani yaro mai ladabi wanda ya shiga karatun likitanci don faranta wa mahaifinsa, ya kai aji uku a jami'a sannan ya ajiye, domin tambayar da bai yi yana ɗan 16 ba ta taso masa yana ɗan 22, lokacin da gyara ya yi tsada.

Kada dai ki riƙe alƙaluman shekarun nan da ƙarfi, domin a wurinmu yaro yakan riƙe shago yana ɗan 15, matakan sai su hau kan juna.

Ki bar shi ya zauna shagon kawunsa a hutun nan ya ɗanɗana kasuwar. Idan kuwa shirun ya haɗa da ƙin cin abinci, rashin barci na makonni ko alamun shaye-shaye, to wannan ya wuce laluben ƙuruciya, ki kai shi wurin likita.