Amsa Ga Yaron Mota Kan Baifas Ta Yammacin Kaduna

Ka tambaye ni dalilin da ya sa muke karkata hagu idan mun shigo Kaduna daga Abuja, alhali wayarka tana nuna maka hanya miƙaƙƙiya ta tsakiyar gari. Da a zamaninmu ne, yaron mota ba ya yin wannan tambaya, domin idonsa yana kan titi tun daga Gonin Gora, amma ku yanzu kanku a sunkuye yake har a iso Kawo.

Babbar hanyar da muke kai ita ce A2, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Benin da Lokoja da Abuja, ta ratsa Kaduna da Zariya da Kano har Daura. Da masana'antu suka cika kudancin Kaduna, tun daga masaƙar Kakuri ta 1957 zuwa kamfanin haɗa Peugeot na 1975, titin Ahmadu Bello ya kasa ɗaukar manyan motoci, shi ya sa aka fitar da reshe ta yamma, wato baifas, wanda aka sa wa sunan Nnamdi Azikiwe. Yana barin babbar hanya ta kudu, ya bi ta Kudenda da Nasarawa, ya haye kogin Kaduna, ya wuce Kabala West da Unguwar Mu'azu da Bakin Ruwa da Kurmin Mashi, har shataletalen Mando, inda hanyar Birnin Gwari da ta filin jirgin sama suke rabuwa. Daga nan sai Kawo, ka kama hanyar Zariya. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 20. An yi shi ne don ya kewaye gari, amma gari ya biyo shi ya haɗiye, har 'yan tebur da masu Keke Napep suna ganin mu ne muka shigo musu gida. Baifas ta gabas kuwa, an bayar da kwangilarta tun 2002, kuma mun tsufa muna jiranta. Maganar giya da birki a cikin cunkoso ba zan ɓata bakina a kanta ba, wanda bai iya ta ba bai kamata ya hau tirela ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne abin da wani ɗan kasuwa ya yi mini a wannan hanya, tun kafin a fara zuba mata kankare. Ya yi mini lodin masara a kasuwar Dawanau ta Kano, muka yi ciniki a gaban ɗan kamasho cewa a bakin titi za a sauke, daidai Bakin Ruwa, ya ba ni rabin kuɗin mota, ciko sai an sauke. Da muka iso, sai ya ce ai shagonsa yana nan kusa, bayan masallaci kawai. Ashe can cikin Rigasa yake nufi, ga damina ta zauna, ga hanyar duk laka ce da ramuka cike da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai taya ta faɗa. Ya rantse, ya haɗa ni da Allah, ya ce motoci sun fi tawa nauyi suna shiga. Ba mu yi nisa ba tayoyin baya suka nutse, motar ta kwanta gefe guda, sifirin ya karye ina jin ƙararsa a ƙarƙashin kujerata. Mutumin nan ya kirawo 'yan dako da ƙananan motoci, suka kwashe masararsa tsaf a kan idona, ya ce bari ya je ya kawo ciko. Har yau bai dawo ba. Ni na biya janwe, ni na biya bakanike, kuma maigidana ya cire asarar kwanakin da motar ta yi a kwance daga albashina, ɗan kamashon kuwa ya ce shi iyakarsa Kano.

Saboda haka idan an yi mana lodin Kaduna, kada ka yarda a rubuta "Kaduna" kawai a takardar kaya. A rubuta Mando, ko Kurmin Mashi, ko Kudenda, a kuma ƙara da "bakin titi", mai kaya ya sa hannu. Igiyar tamfol kuwa ba ka kwance ta sai na ce maka ciko ya shigo hannuna.