Amsa ga ƙanena mai son nazarin gadon launin ɓawon wake

Ƙanena, na ga saƙonka inda ka ce kana neman gurbin digiri na biyu a nan ƙetare, kuma ka zaɓi gadon launin ɓawon waken da masana ke kira Phaseolus vulgaris, domin an gaya maka aiki ne mai sauƙi wanda ake ganin sakamakonsa da ido. Ganin da ido gaskiya ne, sauƙin ne ban yarda da shi ba.

Abin da ya fi rikita sabon ɗalibi shi ne ɓawon ƙwaya daga jikin uwa yake, ba daga ɗan tsiron da ke kwance a cikinsa ba. Idan ka ɗauki garin furen baƙin wake ka barbara furen fari da shi, ƙwayar da za ka girba fara ce tas, kamar ba ka yi komai ba. Sai ka shuka ta, ta ba ka ƙwayoyi masu launi iri ɗaya, sannan ka sake shuka waɗannan, ka girbe kowane gindi dabam, kafin launuka su rarrabu har ka iya ƙirga su. Girbi uku ke nan, kowanne kimanin wata uku, a karatun da bai wuce shekara biyu ba, shi ya sa nake so ka tambayi malamin da zai duba aikinka tun kafin ka taso ko yana da zuriyar da aka riga aka barbara.

Na biyu kuma, ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki suna da yawa, kowace da harafin da ake kiranta da shi, kuma wata tana danne wata. Babbarsu ita ce P, wadda in shuka ta gaji raunanniyarta daga ɓangaren uwa da uba, ɓawon fari zai fito ko da sauran ƙwayoyin launin suna nan daram. Saboda haka farin wake yana iya ɓoye baƙi ko ja a jininsa, sai an barbare shi asirin ya tonu. Bayanta akwai G da B masu ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, da V mai kai launi zuwa shuɗi ko baƙi, da Rk mai ja, da C wadda ke tsara zane da ɗige-ɗige, da T wadda ke yanke hukuncin ko launi zai rufe ƙwayar gaba ɗaya. Ita kuwa J tana da hannu a duhun da ɓawo ke yi idan ya daɗe a ajiye, abin da ke karya darajar wake irin pinto a wurin masu saye.

Waɗannan haruffa gadon aikin mutane ne irin su Herbert Lamprecht a Suwidin, da Prakken a Holan, da Mark Bassett na Jami'ar Florida, kuma ba kullum suka yi amfani da harafi ɗaya ga abu ɗaya ba, don haka karatun tsofaffin takardunsu sai da haƙuri. Da wannan waken ne ma Wilhelm Johannsen na Denmark ya yi gwajinsa kan gadon halitta a 1903. Tun da aka fitar da cikakken jerin gadon shukar a 2014, mai kuromosom (zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa) tagwaye 11, aikin ya koma gano ainihin abin da kowane harafi yake, kuma a 2018 ƙungiyar Phillip McClean ta Jami'ar Jihar North Dakota ta nuna cewa P makunni ce mai tayar da sauran ƙwayoyin da ke haɗa sinadaran launi.

A ganina, wurin da ya fi cancantar shekarunka shi ne inda launi ya haɗu da cuta. Ƙwayar gadon I, mai kare shuka daga wata cutar bairos da ke sa ganye dabbare-dabbare, tana manne da B a kuromosom na biyu, har ya zama mai neman wannan kariya a jan wake ko ruwan ɗorawa yakan ga launin ya yi masa duhu. Idan ka rubuta wa malamin, ka ambaci wannan, ka kuma faɗa masa iyakar abin da ka sani na lissafin ƙididdiga, domin da shi za ka gwada ko adadin da ka ƙirga ya dace da hasashenka.