Tambayi Mai Gyaran Wuta: Dogon kwai da makunnin rage haske

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai jego ce, yau kwanana 26 da haihuwa. A ɗakina akwai dogon kwan nan fari, fulorasen mai tsawon ƙafa 4. Idan na tashi shayarwa da tsakar dare na kunna shi, sai ɗaki ya koma kamar rana tsaka, yaro ya wartsake, babu sauran barci sai asuba. Maigida ya sayo makunni mai murɗawa, wanda ake ce wa dima, wani yaro mai gyaran wuta ya zo ya ɗaura. Tun ranar kwan yake ƙugi kamar zuma ta shiga tulu, yana ƙifta ido, in na murɗa ƙasa sosai kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Cikin mako 3 kwai 2 sun mutu, bakinsu ya yi baƙi ƙirin. Maigida ya ce jabun dima aka sayar masa, yaron ya ce kwan ne jabu. Wa ya fi gaskiya?
Wata mai jego, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ki gaya wa maigida ya kwantar da hankalinsa, mai yiwuwa dimar nan lafiyarta ƙalau, kwan ma haka. Aure aka ɗaura tsakanin waɗanda jininsu bai haɗu ba. Kafin komai, a cire dimar yau ɗin nan a mayar da makunni na kullum, sannan ki zauna ki karanta sauran.

Dima irin ta kasuwa an yi ta ne domin tsohon kwan nan zagayayye mai siririn zare a ciki, mai wat 60 ko 100. Wannan kwan kamar garwashi yake: a rage masa fifita ya dushe, a ƙara ya yi ja. Zaren ne yake zafi har ya ba da haske, saboda haka ko yaya aka ba shi wuta zai karɓa ya yi abin da ya sawwaƙa. Wani Ba'amurke mai suna Joel Spira ne ya ƙera ƙaramar dimar da ke shiga ramin makunni a bango a shekarar 1959, kuma irin wancan kwan ya yi wa ita. Dabararta ita ce yanka. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, wato rabi-rabi sau 100. Dima tana gutsure wani yanki daga kowane rabi, gwargwadon yadda kika murɗa. Zaren kwan bai ma san an yi ba, domin kafin ya huce wata wutar ta iso.

Fulorasen kuwa walƙiya ce aka kulle a cikin kwalba. Cikin dogon gilashin nan akwai iskar gas da ɗan ɗigon zaiba. Wuta tana tsallakawa daga wannan baki zuwa wancan ta cikin iskar, zaiba ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi ya mayar da shi hasken da muke gani. To walƙiya ba ta san kaɗan-kaɗan ba. Ko dai ta tsallaka, ko ta ƙi. In kuma ta tsallaka, haɗama gare ta, za ta yi ta jan wuta har ta kashe kanta, shi ya sa ake ɗaura mata linzami, wannan ƙarfe mai nauyi da muke kira cok. Ɗan farin abin nan mai kama da murfin kwalba kuma, sitata, shi ne mai tayar da ita: ya bari ƙananan zarurrukan da ke bakin kwan su ɗumama, sai ya saki, cok ta yi harbi da bolt ɗaruruwa, kwai ya kama.

Yanzu ki duba abin da dima take yi wa wannan tsari. Ta gutsure wuta, walƙiyar ta yanke, sitata ya ɗauka kwai bai kama ba ya sake harbi, ya kama, ta sake yankewa. Ƙifta idon da kike gani ke nan. Kowane harbi yana kankare ɗan maganin da aka shafa a kan zarurrukan baki, shi ne yake manne wa gilashi ya zama baƙin da kika gani. Ranar da maganin ya ƙare, kwai ya mutu ko da jiya aka sayo shi. Ƙugin kuma cok ce take kuka, domin wuta mai gutsure-gutsure tana girgiza ƙarafan cikinta, tana kuma ƙara mata zafi. Zafin nan shi ya sa na ce a cire yau, musamman idan silin ɗin ɗakinki na katako ne ko na leda.

Ba na ganin laifin yaron sosai, don ni ma na sha wannan kunu. Ina ɗan koyo, shekarata ta biyu a shago, wani Alhaji ya ce yana so hasken falonsa ya riƙa raguwa kamar yadda ya gani a otal. Maigidana ba ya nan, ni kuma ina neman suna. Na ɗauko regulato na fanka na haɗa wa fulorasen 2, na karɓi kuɗin aiki har da tukwici. Kwana 4 aka aiko direba ya zo ya tafi da ni, na tarar falon yana warin ƙonannen fenti. Maigidana bai dake ni ba, sai ya sa na kwance cok ɗin na riƙe ta a hannu tun tana da zafi, ya ce in gaya masa abin da ta ce mini.

Ana iya rage hasken fulorasen, kuma abin da Alhajin ya gani a otal gaskiya ne. Amma da wata cok ta daban ake yi, ta lantarki, wadda aka ƙera musamman don haka. Ita tana aiki biyu a lokaci guda: tana rage wutar da ke tsallakawa cikin gilashi, tana kuma ci gaba da ɗumama zarurrukan baki don kada su kankare. Ba ta jin maganar dimar kasuwa. Mafi yawansu sai an ja musu ƙarin wayoyi 2 daga bango, masu ɗauke da umarni tsakanin bolt 1 zuwa 10, ko kuma wani tsari da ake kira DALI da manyan gine-gine ke amfani da shi. Masu kyau daga cikinsu suna sauke haske har kusan kashi 1 cikin 100. Sai dai a ɗakin mai jego wannan fasa bango ne da kashe kuɗi, kuma samun irin cok ɗin ko a Sabon Gari ta Kano sai an sha yawo.

Ko da kuɗin na nan, ba zan ba ki shawarar zuba su a kan fulorasen ba, don kwanansa ya kusa ƙarewa. Tarayyar Turai ta hana shigar da irin dogon kwanki kasuwanninta tun watan Agusta na 2023. A ƙarshen shekarar ta 2023 kuma ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata kan zaiba, har da Nijeriya, suka amince a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan cewa a daina ƙera shi da cinikinsa tsakanin ƙasashe nan da 2027. Wanda ya gina gidansa a kan wannan kwan zai wayi gari yana neman na canji.

Abin da zan yi da 'yata ce ke jego: in bar dogon kwan da makunninsa don shara da ninke kaya, in sayo ƙaramar fitilar LED mai wat 1 zuwa 3 wadda ake soka wa a soket. A zaɓi mai haske ruwan ɗorawa, za ki ga an rubuta 2700K ko 3000K a kwalin, a bar mai 6500K, wannan farin ne mai kashe ido. A sa ta ƙasa-ƙasa, bayan gado ko gefen durowa, yadda haske zai bugi bango kafin ya iso fuskar yaro. Mai caji ta fi, tunda wuta ba ta neman izini kafin ta tafi. Kuma don Allah kada a rufa wa dogon kwan zani ko takarda, na san ana yi, na kuma ga zanin da ya babbake.

In maigida ya dage sai ya ci moriyar dimarsa, to a sa kwan LED a wani mazauni daban, amma wanda aka rubuta dimmable a kwalinsa. Ba kowane LED ne yake yarda ba, kuma tsohuwar dima sau da yawa tana son nauyin wat 40 ko fiye kafin ta daidaita, kwai mai wat 9 bai kai ya cika mata ciki ba. In ba a duba wannan ba, an sayar da kare an sayi biri. Kwan nan mai murɗaɗɗen gilashi da ake ce wa enaji shi ma fulorasen ne da aka naɗe, da 'yar cok ɗinsa a gindi. Kada a kusantar da shi da dima.

TAMBAYA: Malam, nawa fulorasen ɗin ba dima na sa masa ba, shi yake rage kansa. Da magariba sai bakinsa ya yi ja, ya yi ta ƙifta ido ba ya kamawa, amma da sha ɗayan dare ya kama garau. Lokacin sanyi kuma da asuba haskensa dishi-dishi. Maƙwabcina mai LED bai san ana yi ba.
Wani tela, Jos

AMSA: Ɗan'uwa, kwanka lafiya yake, yunwa yake ji. Da magariba kowa a unguwa ya kunna abin da yake da shi, taransifoma ta yi nauyi, wuta ta sauka. A abin da na sha gani da mita a hannu, da zarar ta yi ƙasa da bolt 200, fulorasen mai cok da sitata ya fara gardama. Maƙwabcinka kuwa, duba kwalin kwansa, da yawansu an rubuta suna aiki daga bolt 85 har 265. Na asuba kuma sanyin garinku ne. Zaibar ciki sai ta ji ɗumi take tashi ta zama tururi, kwan ya fi sakin haske a zafin ɗaki na kusan digiri 25, Jos kuwa da hunturu ka fi ni sanin yadda take. Ba shi minti kaɗan zai murmure.

Idan ya fara ƙifta idon magariba, kashe shi, kada ka bar shi yana wahala, wannan harbin shi ne ajalinsa. Tunda ɗinki kake yi da dare, sa dogon LED a mazauninsa, mai gyara ya bi umarnin da ke jikin kwalin wajen cire sitata ko tsallake cok. Tsohon kwan kuma kada ka miƙa wa yaran shago su fasa don jin ƙara. Naɗe shi a kwalinsa. In ya fashe a ɗaki, a buɗe taga kowa ya fita na minti 10 zuwa 15, sannan a kwashe da guntun kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle a leda, a bar tsintsiya a inda take.