Canjaras, Satar Gida da Garambawul: Amsoshi kan Hausar Ƙwallo

Tambaya daga wani mai karatu a Gusau: Malam, mun yi musu a gidan kallo kan canjaras da kunnen doki. Ɗaya ne, ko akwai bambanci?

Dukkansu suna nufin an tashi babu wanda ya ci wani, amma ba hoto ɗaya suke ɗauke da shi ba. Kunnuwan doki biyu ne, a tsaye, kai ɗaya, don haka kunnen doki ya fi zama daram idan kowane ɓangare ya ci wani abu: ɗaya da ɗaya, biyu da biyu. Canjaras ta fi faɗi. Ana faɗarta a dambe, a kokawa, a zaɓe, har a gardama, kuma ta ɗauki wasan da ba a zura ko ƙwallo ɗaya ba. Masu sharhi a rediyo suna musanya su, ba kuma laifi suka yi ba, sai dai mai son tsantseni zai bar wa babu ci canjaras.

Wasan Najeriya da Ghana na neman gurbin Kofin Duniya a watan Maris na 2022 ya haɗa duka biyun. A Kumasi aka yi canjaras babu ci, a Abuja aka yi kunnen doki 1-1, Thomas Partey ya ci wa Ghana, William Troost-Ekong ya farke da fenariti. Ghana ce ta tafi Qatar saboda ƙwallon da ta ci a gidan abokiyar hamayya. Kunnuwan kai ɗaya ne, amma ƙa'idar gasar ta fifita ɗaya.

Wata mai karatu daga Maraɗi: Me ya sa ake cewa satar gida? Wasu kuma na ji suna cewa satar fage.

A bakin 'yan ƙwallo, gida shi ne raga da kewayenta, shi ya sa ake ce wa gola mai tsaron gida. Wanda ya laɓe a bayan 'yan baya yana jiran a cillo masa, ya shiga gidan mutane ke nan ba da sallama ba. Satar fage kuwa ta fito ne daga tsere, wato mutum ya zabura kafin a ba da izini. Duka biyun sun karɓu, amma satar gida ta fi yawo.

Matsalar ita ce kalmar sata tana sa 'yan kallo su ɗauka tsayuwar ita ce laifin. A doka ta 11 ta dokokin ƙwallo, tsayawa a wurin ba laifi ba ne sai ɗan wasa ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa abokin hamayya, ko ya ci moriyar tsayuwar. Ana auna shi ne a daidai lokacin da ɗan'uwansa ya buga ƙwallon, ba lokacin da ta iso masa ba. Dole ya kasance a rabin filin abokan hamayya, kuma kansa ko jikinsa ko ƙafarsa ta fi kusa da layin raga a kan ƙwallon da kuma mutum na biyu daga ƙarshe a cikin abokan hamayya. Hannu ba ya cikin awo. Ba a kuma kama satar gida idan kai tsaye aka karɓi ƙwallon daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola. Yawancin ihun gidan kallo daga "mutum na biyu" yake tasowa, domin idan gola ya fito ya bar ragarsa, mai tsaron baya ɗaya da ya rage a layi bai isa ya halatta tsayuwar ba.

Tambaya daga Kumasi: Malam, abokina ya ce "idan ɓera da sata, daddawa ma da wari" lokacin da muke zagin alƙalin wasa. Karin maganar ta dace a nan?

Ta dace, in an san inda aka ajiye ɓeran. Ma'anarta ita ce laifi bai tsaya ga mai ɓarna kaɗai ba, wanda aka yi wa ma ya ba da ƙofa. Ba wanke ɓera take yi ba, raba laifin take.

Ɗauki wasan Tunisiya da Mali a Limbe, a gasar Kofin Afirka da aka yi a Kamaru a Janairun 2022. Alƙalin wasa Janny Sikazwe na Zambiya ya busa tashi a minti na 85, aka ankarar da shi aka ci gaba, ya sake busawa kafin minti 90 su cika, ba ƙarin lokaci, alhali an ba da fenariti biyu da jan kati, an kuma je duba na'urar bidiyo ta VAR. Wannan satar ɓera ce tsagwaronta. Amma Tunisiya ta samu nata fenaritin, Wahbi Khazri ya buga golan Mali ya kaɗe, aka tashi Mali ta ci 1-0. Ga warin daddawa. Inda ba ta dace ba shi ne a jefa ta don a rufe bakin mai ƙorafi na gaskiya, kamar wanda aka soke masa halastacciyar ƙwallo a minti na ƙarshe.

Ita kanta kalmar alƙali daga Larabci muka aro ta, mai hukunci a kotu. Sai dai alƙalin kotu ana ɗaukaka ƙara a kansa, shi kuwa alƙalin wasa doka ta 5 ta ce hukuncinsa kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Ko na'urar VAR, wadda aka fara amfani da ita a Kofin Duniya a 2018 a Rasha, shawara take bayarwa, kuma da abubuwa huɗu aka fara ta: ƙwallo ta shiga bisa ƙa'ida ko a'a, fenariti, jan kati na kai tsaye, da kuskuren ba wani kati a madadin wani.

Wani malamin makaranta daga Bauchi: Kullum aka fitar da Super Eagles sai a ce za a yi garambawul. Mene ne bambancinsa da kwaskwarima da kuma tankaɗe da rairaya?

Garambawul aro ce daga Turanci, ta bakin makanikai ta shigo: a sauke inji, a warware shi, a canza abin da ya cinye, a mayar. Kwaskwarima kwalliya ce, gyaran sama-sama. Tankaɗe da rairaya aikin gari ne, a fitar da tsaki da dusa a bar mai laushi, wato tantance mutane. Korar koci kaɗai kwaskwarima ce. Sauya sunaye a jerin 'yan wasa tankaɗe ne. Garambawul sai an taɓa gasar cikin gida, da ƙungiyoyin matasa, da biyan alawus a kan kari, da tsarin wasannin sada zumunta.

Abin da koci Stephen Keshi ya yi bayan Najeriya ta kasa zuwa gasar Kofin Afirka ta 2012 ya fi kama da tankaɗe da rairaya mai ƙarfi. Ya ajiye manya irin su Osaze Odemwingie da Obafemi Martins, ya daɗe yana atisaye da 'yan wasan gida, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na 2013 a Johannesburg, kofi na uku bayan na 1980 da 1994. Masu cewa "da tsohuwar zuma ake magani" ba su yi ƙarya ba, tunda Joseph Yobo da Vincent Enyeama suna cikin tawagar, amma zuma ake nufi, ba kowane tsohon tulu ba. Karin maganar da ta fi kama hukumomin ƙwallo ita ce "ba a fafe gora ranar tafiya", domin gora sai an fafe ta an wanke ɗacinta kafin a zuba mata ruwan sha, kuma kocin da aka ɗauka ana saura makonni a fara gasa, da 'yan wasan wanda aka kora zai shiga fili.